Tallafin Taki Ba Ya Buɗe Kasuwa

Ba duk abin da ake girbewa a ƙasar Haɗeja ne ke ƙarewa a tukunyarmu ba. Shinkafa da alkama da gero a gida ake cinye su, amma riɗi da zoɓo matafiya ne. Buhun riɗin da manomin Kirikasamma ya kai kasuwa, dillali ya auna ya biya, yana iya ƙarewa a Japan ko Sin ko Turkiyya. Zoɓo kuwa mafi yawansa Meziko yake nufa, inda suke jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi. Don haka farashin da ake taya manomi a nan, sau da yawa a wani ofishi da bai taɓa jin sunansa ba ake yanke shi.

An gani a 2018, lokacin da Meziko ta dakatar da karɓar zoɓon Nijeriya saboda ƙwarin ajiya da ta ce ta samu a cikin kayan. Haja ta yi kwantai a hannun 'yan kasuwa, farashi ya karye, asarar ta gangaro har kan mai gona. Sai da aka ɗauki shekaru, aka amince da tsarin turara kayan da magani kafin a loda su, sannan ƙofar ta buɗe. Na wake ya fi muni. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan maganin ƙwari, irin piya-piyan nan da wasu ke yayyafa wa buhu don kada ya yi ƙwari. Aka yi ta tsawaita haramcin shekara da shekaru.

Da irin haka ta faru, kukan da ake yi ɗaya ne: gwamnati ta kawo tallafi. Wasu kuma su ce ai dokar duniya ce ta ɗaure mata hannu. To, akwai dokar, amma ba haka take ba.

Nijeriya tana cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya tun kafuwarta a 1995, ƙungiyar da 'yar ƙasar nan, Ngozi Okonjo-Iweala, ke shugabanta tun 2021. Yarjejeniyarta kan noma ta sa iyaka ga tallafin da ke jirkita farashi, kamar gwamnati ta riƙa sayen amfani sama da yadda kasuwa ta taya. Ga ƙasa mai tasowa, iyakar ita ce kashi 10 cikin 100 na darajar abin da aka noma. A taron Nairobi na 2015 kuma aka amince a daina biyan ɗan kasuwa kuɗi don kawai ya fitar da amfanin gona waje. Hikimar ita ce kada mai ƙarfin aljihu ya danne maras shi, kamar yadda Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali suka koka a 2003, cewa tallafin audugar Amurka yana durƙusar da manomansu. Gaskiya ne manyan ƙasashe sun iya zagaye. Da rikicin ciniki ya ɓarke tsakanin Amurka da Sin a 2018 da 2019, Amurka ta raba wa manomanta sama da dala biliyan 20. Mu ba mu da wannan baitulmali, kuma yaudarar kai ce mu zauna jiran irinsa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, sauƙin taki da iri ga ƙaramin manomi a ƙasa mai tasowa ba ya cikin lissafin iyakar nan. Haka kuma binciken iri, malaman gona, yaƙi da ƙwari da jan-baki, ɗakin gwajin amfani, hanyoyi da magudanan ruwa, duk ba su da iyaka ko kaɗan. Babu wata dokar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da ta hana a yashe kogin Haɗeja, a cire kacalar da ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye fadamu daga yankin Baturiya har Nguru. Babu wadda ta hana a kafa wurin gwada riɗi kusa da manoma, a san yana da ragowar magani ko babu kafin ya kama hanyar Legas. Waɗannan su ne ke kare mai fitar da kaya, amma ba a tara jama'a a yi musu bikin rabo, shi ya sa 'yan siyasa suka fi son buhun taki.

Wani lokaci ma girgizar daga gida take zuwa. A Nuwamban 2023 a nan ƙasar Haɗeja aka ƙaddamar da shirin noman alkama na rani, gwamnati ta ɗauke wa manomi rabin kuɗin taki da iri. Madalla. Amma a Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da alkama da masara da shinkafa da wake na kwana 150. Mai saye ya ɗan numfasa, kuma yana da haƙƙi, domin yunwa ta yi yawa. Sai dai wanda ya sayi fetur da tsada ya kunna injin ban-ruwa, ya ci bashin taki, ya wayi gari shansherarsa ba ta mayar da uwar kuɗi ba. An ba shi da dama, an karɓe da hagu. Haka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da na Nijar a 2023, suka tsayar da hada-hada a kasuwar kan iyaka ta Maigatari ba tare da an ba kowa wa'adin shiri ba.

Manomi ma yana da nasa kason. A shanya riɗi da zoɓo a kan tamfol, ba a ƙasa ba. A daina haɗa su da tsakuwa ko yashi don ƙarin nauyi, a daina zuba wa abinci piya-piya alhali ga buhu mai leda biyu da ke kashe ƙwari ba magani. Kwantena ɗaya da aka dawo da ita tana iya ja wa ƙasa gaba ɗaya haramci.

In wakilanku na Dutse da Abuja sun zo neman ƙuri'a da alƙawarin taki, ku karɓa, haƙƙinku ne. Amma ku tambaye su ina ɗakin gwaji, yaushe za a yashe kogi, kuma wa zai sanar da ku kafin shuka idan za a buɗe ƙofar shigo da hatsi.