Yaushe Ake Cewa Ɗan Wasa Ya Yi Fice?

A gidajen kallon ƙwallo na Madachi, Rano da Kibiya, ba a rasa gardama a kan cewa wane ya yi fice bana. Gardamar ta ƙara zafi tun da samari suka fara wasan Fantasy a wayoyinsu.

Ga yadda wasan yake. Ana ba mutum fam miliyan 100, amma na suna kawai, ba masu shiga aljihu ba. Da su zai zaɓi 'yan wasa 15 daga gasar Firimiya ta Ingila. Duk abin da suka yi a fili shi ne makinsa. In ɗan gaba ya ci ƙwallo, maki 4 ne. Ɗan tsakiya 5, mai tsaron baya 6. Wanda ya ba da ƙwallo aka ci yana da 3. In masu sayen ɗan wasa suka yi yawa, sai kuɗinsa ya tashi.

To, kuɗin ba ya isa a sayi manya zalla. Dole a nemi na araha wanda zai yi aikin mai tsada. Mai kiwon turka ya san wannan. Ribarsa tana ga ramammen ragon da ya saya da wuri, ba wanda ya riga ya yi ƙiba ana jajibirin Sallah ba.

Kakar fice ita ce wadda ɗan wasa ya zarce abin da aka san shi da shi, da nisa, kuma ya riƙe hakan daga farkon kaka har ƙarshenta. Wato da kansa ake auna shi, ba da wani ba. Wanda ya saba cin 20 ya sake cin 20 bai yi sabon fice ba, aikinsa ya yi. Haka wanda ya ci uku rana ɗaya, ya yi wata biyu shiru. Wannan sa'a ce, ko da kuwa an ɗauke shi a kafaɗa.

Misali na kusa shi ne Ahmed Musa. A ƙungiyar JUTH ta Jos kaɗan ne suka san shi. Da ya zo Kano Pillars, a kakar 2009 zuwa 2010, ya ci ƙwallo 18, bai ko cika shekara 18 ba. Ya wuce 17 da Ishaya Jatau ya ci tun 1990. A 2010 ɗin ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta ɗauke shi.

A Ingila kuwa, Riyad Mahrez na Leicester ya ci 4 kacal a kakar 2014 zuwa 2015. Kakar da ta biyo ya ci 17, ƙungiyarsa ta ɗauki kofi. A Fantasy an fara sayar da shi fam miliyan 5.5, ya gama da maki 240, sama da kowa.

Alamar da ta fi saurin nunawa ita ce lokacin wasa. In koci ya daina ajiye yaro a benci, yana sa shi tun farko kowane mako, ko ya matso da shi gaba, ko ya ba shi bugun fenareti, to a sa masa ido.

Sai dai fice na bana ba ya lamunce na baɗi. Michu na Swansea ya ci 18 a kakar 2012 zuwa 2013. Kuɗinsa ya tashi, jama'a suka yi rububinsa. Rauni ya kama shi, ya ƙare kakar gaba da ƙwallo 2.