Koya wa Yara Awon Fili ta Hanyar Lissafin Sau

Yara da yawa sukan haddace cewa girman fili shi ne tsawonsa sau faɗinsa, amma ba su san dalili ba. Abin da aka haddace ba a gane ba kuwa, ba ya daɗewa a ka. Saboda haka ya kamata malamai da iyaye su bar yaro ya gano wannan ƙa'ida da hannunsa.

Hanyar ba ta da wuya. Sai a yayyanka kwali ƙanana, kowanne murabba'i daidai da ɗan'uwansa. A sa yaro ya rufe bangon littafi da su, kada ya bar giɓi, kada kuma ya ɗora wani kan wani. Da fari zai ƙidaya su ɗaya-ɗaya. Daga nan a nuna masa yadda suka jeru kamar kunyoyin gona: layi 4, kowane layi da kwali 6. Shida sau huɗu, 24 ke nan. In aka juya littafin sai a ga layi 6 masu kwali huɗu-huɗu, amma jimla ba ta sake ba. Da haka zai gane cewa lissafin sau gajeriyar hanyar ƙidaya ce.

Amfanin wannan ya wuce ɗakin karatu. Fuloti mai ƙafa 100 tsawo da 100 faɗi ba ninki biyu na mai ƙafa 50 da 50 ba ne. Ninki huɗu ne, domin na farko murabba'in ƙafa 10,000 ne, na biyu kuwa 2,500. Wanda ya fahimci haka tun yana ƙarami, da wuya a zalunce shi wajen sayen fili ko rabon gona.