Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Uwa Da Neman Makomar Ɗanta Na Jami'a

   

Yau hirarmu a kan 'ya'yanmu ce da ke jami'a. Abin da ya jawo ta kuwa, kwanakin baya na je barkar haihuwa a unguwar Nasarawa, nan cikin Birnin Kebbi, sai wata baiwar Allah ta ja ni gefe tana share hawaye. Ɗanta ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, ga shi shekara biyu yana zaune. Ita kuwa da kuɗin ƙuliƙuli da na adashi ta riƙa cika masa kuɗin makaranta, har tunkiyarta ta sayar. Na ce mata, "Yaya, me ya karanta?" Ta ce, "Wani abu ne dai na kimiyya." Na ce, "Wane aiki ake yi da shi?" Ta yi shiru. Can ta ce shi ma da ta tambaye shi cewa ya yi, duk wanda Allah Ya kawo.

Gaskiya ne, arziki na Allah ne. Amma fa shekara huɗu yaron nan ya yi yana karatu, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya tambaye shi ina ya dosa. To uwargida, wannan tambayar ba ta buƙatar boko. Kina cikin ɗakinki za ki iya yin ta.

Da can sai dai a tura yaro Sakkwato ko Zariya. Yanzu jami'a ta zo mana har gida: an kafa ta jiha a Aliero a 2006, ta tarayya kuma a Birnin Kebbi a 2013. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru, ga kwalejin ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Kin ga ke nan kowace shekara masu fitowa da takarda ƙaruwa suke yi, kujerun ofisoshin gwamnati kuwa ba sa ƙaruwa haka. Wanda ya jira sai ya gama sannan ya fara tunanin aiki, ya makara.

Abu na farko, idan ya zo hutu, bayan ya ci abinci ya huta, ki kira shi. Ki ce, "Ɗan nan, faɗa mini da Hausa, me ake koya muku?" Sannan ki ce, "Waɗanda suka karanta irin wannan suka gama, ina suke aiki yanzu? Faɗa mini mutum uku." In ya kawo su, madalla. In ya kasa, kada ki yi masa faɗa. Ki ce idan ya koma ya tambayi malamansa da waɗanda suka riga shi, ya kawo miki amsa hutu mai zuwa. Matambayi ai ba ya ɓata. Yaron da ya san Inna za ta sake tambaya, dole ya bincika.

Abu na biyu, gani ya kori ji. Yaro yakan so aiki don ya ga mai yinsa cikin mota ko farar riga, bai san abin da ke cikinsa ba. A nan ne ke kike da abin da malamin jami'a ba shi da shi, wato dangi da zumunci. Ki zauna ki lissafa: a danginki da na maigida, wa ke aikin asibiti? Wa ke koyarwa? Wa ke banki, wa ke da shagon magani, wa ke noman rani a fadama? Matansu kuna haɗuwa a gidan biki da suna, ko kuna gaisawa ta waya. Da izinin maigida, ki roƙi alfarma a bar yaron ya bi kawunsa ko baffansa wurin aiki na sati ɗaya ko biyu lokacin hutu. Ba albashi ake nema ba, ido ake so ya buɗe. 'Yarki da ke mafarkin aikin jinya, ta zauna da innarta mai aiki a asibitin Sir Yahaya ta ji yadda kwanan asibiti yake, da yadda ake haɗa shi da hidimar gida. In ta ji ta ce ta amince, to da saninta ta shiga.

Kuma ki tuna masa aiki ba a sakatariya kaɗai yake ba. Dubi shinkafar nan da muke nomawa a fadamar Rima. A 2017 aka buɗe babban kamfanin sarrafa shinkafa na WACOT a Argungu, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi. Irin waɗannan wurare suna buƙatar injiniya mai kula da injuna, da mai gwada ingancin shinkafa, da akanta, da malamin gona mai zagaya manoma. Kafin buhu ɗaya ya iso kasuwa, hannun masu ilimi iri-iri ya bi ta kansa. Yaron da ya karanta aikin gona ko kimiyya, sau nawa ya taɓa leƙa irin wannan wuri?

Abu na uku shi ne wanda nake so ki riƙe da kyau. Akwai wani tsari da hukumar ITF ta fito da shi tun 1973, ana kiransa SIWES. Ɗaliban kimiyya, injiniya, aikin gona da makamantansu, ana tura su koyon aiki a ma'aikata kafin su gama karatu. Na jami'a yawanci wata shida suke yi. Ana ba su littafi su riƙa rubuta abin da suka yi kowace rana, shugaban wurin ya sa hannu. Masu karatun malanta su kuma suna da tasu koyarwar gwaji a makarantu. To wallahi wasu yaran sun mai da wannan lokaci hutu. Sai a nemi ofishin wani ɗan'uwa inda ba a yin komai da ya shafi karatun, a kwanta a gida, ƙarshen wata a kai littafi a sa hannu. Uwa kuma tana murna ɗanta na kusa da ita. 'Yar'uwa, wannan cuta ce, ba gata ba. Wata shidan nan ne zai gane ko yana son aikin, a nan ne kuma manya za su ga hazaƙarsa su tuna da shi ranar da gurbi ya samu. In kin ga hantsi ya yi yana kwance, ki tashe shi. In ya dawo da yamma, ki ce, "Yau me hannunka ya taɓa?"

Haka ma bautar ƙasa. A sansanin sati uku, irin namu na Dakingari, tun 2012 hukumar NYSC ta shigo da koyar da sana'o'in hannu. Ki gaya masa kada ya raina. Ke da kike juya jarin dubu biyar a cikin gida har ya aurar da 'ya, kin fi kowa sanin darajar sana'a. Ki nuna masa yadda kike ware uwar kuɗi da riba, da yadda kike bin bashi ba tare da an ɓata ba. Wannan ma darasi ne.

Sai maganar 'ya mace. Idan manemi ya fito tana tsakiyar karatu, a yi maganar aiki tun kafin a sa rana. Zai bar ta ta yi? Wane iri? Ki sa mahaifinta ko waliyyinta ya yi zancen a fili, don kada a zo bayan aure ana ka ce na ce. Mu da kanmu mun san yadda muke ji in muka je awo muka tarar da mace ce za ta duba mu. Waɗannan likitoci da ungozomomi, 'ya'yan wasu ne aka bari suka yi. Kuma matar aure tana da damar neman a mai da bautar ƙasarta jihar da mijinta yake, don haka wannan ba abin tsoro ba ne.

Gargaɗi ɗaya kafin mu rabu: kada ki zaɓa masa. Ɗan maƙwabciya ya zama likita ba shi ne dalilin da naki zai zama ba. Naki shi ne tambaya, da buɗe masa ƙofar dangi, da addu'a. In ya zo da zaɓinsa, matuƙar halal ne, ki sa masa albarka, ku yi istihara.

Waccan baiwar Allah ta Nasarawa tana da ƙaramar 'ya da ke aji biyu a jami'a. Da za mu rabu ta ce mini, "Wannan kam bana za ta sha tambaya." Ke fa, naki yaushe zai zo hutu?

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su abin yi na halal. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.