Gudawa Ta Tsaya, Amma Kada Ki Saki Jiki

Idan maigida ko ɗaya daga cikin yara ya kwana biyu yana zawo, da zarar cikin ya tsaya sai ki yi hamdala ki ɗauka magana ta ƙare. Galibi haka ne kuwa. Sai dai akwai 'yan kaɗan da bayan mako biyu ko uku wani ciwon daban zai ɓullo musu, gwiwa ta kumbura ko ƙafa ta mutu, a yi ta zargin sanyi ko iska, alhali tushen abin yana cikin hanji.

Yadda abin yake faruwa

Allah cikin ikonSa Ya sanya wa jikin ɗan Adam garkuwa mai yaƙar duk wata baƙuwar ƙwayar cuta. To akwai ƙwayoyin da bayansu ya yi kama da wani sashe na jikinmu. Garkuwa za ta haɗa makamin kashe su, amma saboda wannan kamanni sai makamin ya koma kan jikin mai shi, ko da ƙwayar ta daɗe da fita.

Wadda ta fi shahara da wannan ita ce Kamfilobakta, da ake ɗauka daga naman kazar da bai dahu sosai ba, da madarar shanun da ba a tafasa ba, da gurɓataccen ruwa. Akwai kuma Salmonela da Shigela, mai haddasa atini.

Idan ya taɓa jijiyoyi

A 1916 wasu likitocin Faransa suka yi bayanin ciwon da ake kira Gilen-Bare. Yana farawa da jin ƙafa tana yam-yam, sai kasala ta taso daga ƙafafu biyun zuwa sama a cikin 'yan kwanaki, wani har sai an sa masa na'urar numfashi. Cikin mutum 1,000 da suka kamu da Kamfilobakta, kimanin ɗaya ne yake samun wannan ciwo. A farkon 2025 ya kama mutane sama da 200 a birnin Pune na Indiya da kewayensa, aka kuma danganta abin da gurɓataccen ruwan sha. Mafi yawan masu shi suna warkewa idan an kai su asibiti da wuri.

Don haka duk yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a garzaya da shi asibiti ranar. Ma'aikatan lafiya suna gwada bayan gidan duk ɗan ƙasa da shekara 15 da hakan ta same shi, don tantance ko shan inna ce. A yi addu'a, a yi tofi, amma a kan hanyar asibiti.

Idan ya taɓa gaɓɓai

Wani kuma mako ɗaya zuwa huɗu bayan atini sai gwiwa ko idon sawu ya kumbura, ido ya yi ja, fitsari ya riƙa zafi. Yawanci yana lafawa cikin watanni, amma likita ba zai gane shi da sauri ba sai kin gaya masa an yi gudawa kwanan baya. Kada ki raina wannan bayani.

Kumburin hanji mai daɗewa

Akwai cututtuka biyu da garkuwar jiki take cin hanji a hankali: cutar Kuron, wadda aka yi bayaninta a Amurka a 1932, da gyambon babban hanji. Alamominsu su ne zawo mai jini ko majina da ya wuce wata guda, murɗawar ciki, rama, ƙarancin jini, yaro kuma ya daina girma. A wurinmu sau da yawa basir ake kiran wannan, a yi ta shan jiƙo har jini ya ƙare.

Shin tsohuwar gudawa ce take jawo su? A 2009 wani bincike a ƙasar Denmak ya bi mutane sama da 13,000 da suka taɓa kamuwa da Salmonela ko Kamfilobakta, ya ga sun fi sauran jama'a samun kumburin hanji kusan ninki uku. A 2011 wani binciken a ƙasar ya gano waɗanda aka gwada bayan gidansu ba a ga ƙwayar komai ba, su ma haɗarin nasu ya hau. Wato da yawansu kumburin ya riga ya fara, shi ne ma ya kai su gwajin. Darasin da ke nan gare ki shi ne, gudawar da ta ƙi tsayawa tana iya zama alamar farko ta wani babban ciwo.

A kula kuma, tarin fuka na hanji da atinin amiba suna kama da waɗannan cututtuka ƙwarai. Maganin da ke danne garkuwar jiki yana iya ta'azzara su, shi ya sa dole a yi gwaji kafin a fara magani.

Abin da ke hannunki

Ki dafa kaza har cikin tsoka, kada a ga ja kusa da ƙashi. Wuƙa da farantin da kika gyara ɗanyen nama, ki wanke su da sabulu kafin ki yanka latas ko kabeji. Ki tafasa madara da ruwan sha, a rufe randa. Ki wanke hannu da sabulu bayan kin yi wa yaro tsarki da kuma kafin ki ɗora girki.

Idan gudawa ta zo, ki fara da ruwan gishiri da sukari na ORS, yaro kuma a ba shi sinadarin zinc kwana 10 zuwa 14. Ki daina aikawa kemis a sayo Flagyl da kafso don kowane ciwon ciki, domin suna kashe har da ƙwayoyi masu amfani da ke kare hanji. Da kin ga jini a bayan gida kuwa, sai likita.

Allah Ya ƙara mana lafiya da zama lafiya, mu da iyalanmu baki ɗaya, amin.