Gidan Ɗan Hausa: Gininsa da Tarihin Masu Shi

A gabashin birnin Kano, a bayan ganuwa, akwai wata unguwa mai suna Nasarawa. A cikinta akwai wani tsohon gidan ƙasa mai bene, wanda ya shekara fiye da ɗari yana tsaye. Sunansa Gidan Ɗan Hausa. Abin mamaki shi ne, mutumin da gidan ke ɗauke da sunansa ba Bahaushe ba ne. A wannan darasi za mu ga ko wane ne shi, da yadda aka gina gidan, da kuma hannayen da ya bi har zuwa yau.

Kafin zuwan Turawa, Nasarawa ba unguwa ba ce irin ta yanzu. Gandun Sarkin Kano ne, wato gonarsa, kuma yana da gidan hutawa a wurin. Bisa ga tarihin da ake bayarwa a Kano, asalin Gidan Ɗan Hausa mazaunin wani bafaden Sarki ne mai kula da wannan gandu. Da Turawan Ingila suka ci Kano a shekarar 1903, ba su zauna a cikin birni ba. Sun fi son fili a bayan gari, saboda haka suka sauka a wajen Nasarawa da Bompai. Ta haka ne gidan ya fita daga hannun mutanen fada a zamanin Sarki Abbas, ya koma hannun gwamnatin Turawa.

Baturen da ya fi shahara a cikin mazauna gidan shi ne Hanns Vischer. An haife shi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876. Da farko aikin mishan ne ya kawo shi Nijeriya, daga baya ya shiga aikin gwamnati, aka tura shi Barno. A 1906 ya ƙetare hamadar Sahara tare da ayari, daga Turabulus har zuwa Tafkin Chadi. Ya ji Hausa ƙwarai, ya kuma san ladabi da al'adun masu harshen, shi ya sa mutane suka laƙaba masa suna Ɗan Hausa.

Gwamnati ta ɗora masa nauyin ilimi a Arewa, sai ya buɗe makaranta a Nasarawa a 1909. Ita ce makarantar boko ta farko da gwamnati ta kafa a Arewacin Nijeriya. Ya fara da malamai masu ilimin Arabiyya, sannan aka kawo 'ya'yan sarakuna, aka kuma buɗe sashen koyon sana'a. Da Hausa ake koyarwa. A 1912 Vischer ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan boko. An yi musu gyare-gyare daga baya, amma rubutun da kuke karantawa a wannan littafi yana da tushe a aikin da aka yi a wannan wuri.

Yanzu bari mu dubi ginin kansa. Vischer bai rushe gidan da ya tarar ba. Ya sa maginan Kano sun faɗaɗa shi da kayan da suka saba aiki da su. An tayar da bango da tubali, wato curin ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana. Bangon yana da kauri daga ƙasa, yana raguwa zuwa sama. Kaurin nan yana da amfani biyu. Yana ɗaukar nauyin bene, kuma yana hana zafin rana shiga da sauri. Saboda haka ɗaki yakan yi sanyi da rana, da dare kuma ya riƙe ɗumi, musamman a lokacin hunturu.

Rufin kuwa da azara aka yi shi. Azara itacen giginya ne da ake tsagawa, kuma gara ba ta cika cin sa ba. Sai dai tana da iyaka: idan tazarar ta wuce kamar mita biyu, takan lanƙwashe saboda nauyin ƙasar da ke kanta. To, yaya za a rufe babban ɗaki? Dabarar magina ita ce baka. Suna dasa azara a cikin bango, su ɗaura wata a kan wata, kowace tana ɗan karkata zuwa tsakiya, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Daga nan sai a lulluɓe su da ƙasa. Idan bakuna suka gitta juna, sai su raba rufin zuwa ƙananan sassa waɗanda azara za ta iya rufewa.

A waje, ana ganin zankwaye a kusurwoyin rufi, da indararo mai zubar da ruwan sama nesa da bango, da kuma zane-zanen da aka yi wa bango ado da su. Magina suna kare irin wannan gini daga ruwa da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Amma tsarin gidan ya bambanta da na Bahaushe. Gidan Bahaushe yana farawa da zaure, sai tsakar gida, ɗakuna kuma a warwatse a cikin katanga. A Gidan Ɗan Hausa ɗakunan suna haɗe a gini guda, kamar yadda Turawa suka saba zama. Ke nan hannun na Hausawa ne, tsarin zaman kuma na baƙo.

Vischer ya bar Kano a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kuma rasu a Ingila a 1945. Bayan tafiyarsa gidan ya ci gaba da zama a hannun gwamnati, wasu ma'aikata suka zauna a ciki. An sami 'yancin kai a 1960, aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. A yau gidan yana ƙarƙashin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, kuma an mayar da shi gidan tarihi da jama'a ke ziyarta.

Ɗaliban da ke Jos ba sai sun je Kano kafin su ga irin wannan fasaha ba. Kusa da gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, akwai wurin da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya na Nijeriya, har da wani ɓangare na ganuwar Kano da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya. A can za ku ga baka da azara da idonku.

Ginin ƙasa yana da sharaɗi guda: sai an riƙa yi masa yaɓe da gyara bayan damina. In aka yi sakaci, ruwa zai shiga rufi, azara ta ruɓe, bango ya zube. Ga shi kuma maginan da suka iya ɗaura baka suna raguwa, domin siminti da kwano sun karɓe kasuwa. Hausawa sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Gidan Ɗan Hausa ya daɗe ne domin kowane zamani ya sami mai kula da shi.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka kira Hanns Vischer da suna Ɗan Hausa?
2. Kawo amfani biyu na bango mai kauri.
3. Bayyana yadda magina suke yin baka.
4. Jera masu gidan tun daga farko har zuwa yau.
5. Rubuta jimloli biyar game da wani tsohon gini a garinku.