Tamowa a Ƙasar Noman Rani: Inda Al'ada Ke Tauye Haƙƙin Yaro

Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ƙasar Kura da Bunkure ba ta rabo da shuka, rani da damina. Daga nan ake lodin shinkafa da tumatir da albasa zuwa kudancin Najeriya. Duk da wannan ni'ima, ana samun yara masu tamowa, masu kumburin ƙafa da jan gashi. Talauci na da hannu, amma wasu al'adunmu ma na da nasu kason.

Na farko shi ne zubar da dakashi, wato nonon farko mai kauri, bisa zaton ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa jariri. Sannan akan ɗura masa ruwa ko jiƙo tun bai yi kwana arba'in ba, ya kamu da gudawa. Likitoci da Hukumar Lafiya ta Duniya sun yi ittifaƙi a kan nono zalla har wata 6.

Na biyu shi ne yaye na gaggawa da zarar uwa ta samu ciki, wai nononta ya gurɓace. Imam Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi niyyar hana gila, wadda wasu malamai suka fassara da shayarwar mai ciki, sai ya bari domin Rumawa da Farisawa na yi ba ta cutar da 'ya'yansu. Haka kuma Sayyidina Umar (RA) ya mayar da kason baitulmali tun daga haihuwa, da ya gane iyaye na gaggauta yaye domin a sa 'ya'yansu a rajista.

Na uku shi ne hana yaro ƙwai, wai zai tashi ɓarawo, da keɓe tsoka ga kwanon maigida. Wannan camfi ne da ba shi da asali a shari'a.

Aya ta 233 cikin Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu ga mai son cika shayarwa, ta kuma ɗora ciyar da mai shayarwa a wuyan uba. Don haka, ya kai manomi, kafin ka kai amfanin gona kasuwa, ware na gida: wake da gyaɗa da zogale da ƙwai. Idan yaro ya fara ramewa, a yi masa addu'a, a kuma garzaya da shi asibiti, kada a tsaya zargin mayu.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar zuri'armu, amin.