2.3 Hanyar Zariya Zuwa Pambeguwa: Mafarinta da Garuruwan da Ta Ratsa

Wanda ya fito daga birnin Zariya ta Ƙofar Doka, ya bi ta Tudun Wada ya nufi gabas, zai hau hanyar da ake kira hanyar Jos. Hanyar ta ƙetare kogin Galma a wajen Dakace, ta ratsa Maigana, hedikwatar ƙaramar hukumar Soba, sannan garin Soba da Dutsen Wai, har ta isa Pambeguwa. A nan ne ta haɗu da wadda ta taso daga Kaduna, suka zama ɗaya zuwa Saminaka da Jengre da Jos.

Ba za a fahimci tarihin wannan hanya ba sai an waiwayi kuza. Bayan jirgin ƙasa ya iso Zariya a shekarar 1911, Turawan mulkin mallaka sun buƙaci hanyar fitar da kuzar da ake haƙowa a ƙasar Jos. Saboda haka suka shimfiɗa wani ƙaramin layin dogo daga Zariya, wanda faɗinsa ƙafa biyu da inci shida ne kawai, alhali na babban layi ƙafa uku da inci shida ne. Layin ya kai Rahama a 1912, ya kai Jos da Bukuru a 1914, tsawonsa mil 143. An laƙaba masa sunan Bauci ne don a lokacin Jos tana cikin lardin Bauci, amma bai taɓa shiga garin Bauci ba. Soba da Dutsen Wai da Kudaru duk tashoshinsa ne.

Da babban layi ya isa Jos ta Kafanchan a 1927, sai kuza ta sami wata mafita, darajar ƙaramin layin ta fara raguwa, har aka rufe shi a 1957. Daga nan motoci suka gaji kaya da fasinjojin waɗannan garuruwa.

Abin lura shi ne, layin dogon bai shiga cikin ganuwa ba. Tashar jirgi tana Sabon Gari, don haka kantuna da rumbunan kamfanoni suka taru a can, birni kuwa ya tsaya a matsayin mazaunin sarauta da malanta. Kayan da hanyar ta fi ɗauka yanzu amfanin gona ne, musamman masarar yankin Saminaka da tumatir da rake na fadamar Galma.